Shekarar da Kawu Ya Sauke Mana Lanho

Kawuna, wan mahaifiyata, ya yi aiki a biron lanho na Tahoua, wato ofishin haraji, tun gashinsa yana baƙi har ya yi fari tas. Karɓar haraji bai sa ya yi arziki ba, bai kuma sa an so shi ba. Ko a masallaci in ya shigo sahu, ƴan kasuwa sukan ɗan matsa su ba shi filin da ya fi jikinsa. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida da kujerar ƙarfe guda, da tabarau, da wani ra'ayi wanda ya ce shi kaɗai ya tara a biro.

Ra'ayin shi ne a daina cire wa ma'aikaci komai daga albashi. A bar mutum ya ɗauki kuɗinsa cif ya kai gida. A maimakon haka a ɗora lanho guda ɗaya a kan duk abin da ake saye a ƙasar nan, daga allura har mota. In wani ya ce masa ai tuni akwai irin wannan a kan kayan kanti, sai ya ce ya sani, shi da ya tsufa a kansa. Abin da yake nufi shi ne a faɗaɗa wannan ɗin ya tsaya shi kaɗai, a kashe ɗayan.

Yakan ce mai albashi akuya ce a turke, ko makaho zai iya tatsarta. Ɗan kasuwa kuwa zabon daji ne, kana jin kukansa ba ka ganin ƙwansa. Amma da akuya da zabo kowa yana da baki, kuma bakin kowa kasuwa yake zuwa. Saboda haka babu dalilin bin mutane gida-gida. A zauna a bakin kasuwa a jira su.

Ya faɗi wannan a wurin suna, ya faɗa a ɗaurin aure. Ya taɓa faɗa a zaman makoki, bayan an shafa fatiha, saboda mamacin tsohon ma'aikaci ne. Ya faɗa wa wani mai gyaran famfo da ya zo gidan, mutumin yana kwance a ƙasa da sifana a hannu, ba shi da hanyar gudu. Abokan zamansa na gindin dogon yaro sun haddace maganar har sukan ƙarasa masa ita don a samu a kai ga shayi na biyu.

Ni kaɗai na saurare shi da gaske, don lokacin ban daɗe da fara koyarwa a lakkwal ba. Da aka faɗa mini albashina kafin in fara aiki, na riga na raba shi a raina, na sayi babur, na gyara ɗaki, har na fara tunanin aure. Da kuɗin suka zo sai na tarar wani ya riga ni sa hannu. Na je na kai wa Kawu kukana. Ya saurare ni kamar likitan da ya samu mai irin ciwon da ya fi ƙwarewa a kai. Ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in zauna.

To a zuriyarmu ma muna da namu ƙaramin lanhon. Kakarmu, mahaifiyar su Kawu, tana zaune a ƙauyenmu kusa da Barmu, ta ƙi tashi. An yi da ita ta dawo birni ta ce ruwan famfo ba ya kashe ƙishi. Saboda haka aka buɗe asusu domin hatsinta in damina ta yi gardama, da maganinta, da yaɓen ɗakinta, da kuma gudummawar da take kai wa bikin kowa a ƙauyuka uku ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. Masu albashi su ne ke zubawa duk wata, kowa gwargwadon abin da yake ɗauka. Mu uku ne: ni, da wata ƴar Kawu da ke aikin jinya, da wani ɗan innata direba. Albashinmu kowa ya san shi, har yaran gida.

Sauran dangi kuwa sai abin da Allah ya hore. Waɗanda suke bida a Abijan, wato ci-rani, sukan aiko in sun tuna. Ƙanen Kawu, wanda dukkanmu muke kira Alhaji, fataucin albasa yake yi. Tun ina yaro ban taɓa jin shekarar da ya ci riba ba. In albasa ba ta ruɓe ba, hanya ta rufe. In hanya ta buɗe, farashi ya faɗi. A cikin wannan jerin asara ya gina bene ya sayi mota mai ɗaukar kaya. In aka kai masa maganar asusu, sai ya yi ajiyar zuciya ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana lalube, har mai roƙon ya ji kunya.

Zuriyar tana da wani abu guda kuma, wato shago. An buɗe shi da kuɗin shanun kakanmu bayan rasuwarsa, a jikin zauren gidan Kawu. Ƙanwar mahaifiyata ce ke zama a ciki tun da mijinta ya rasu, muna ce mata Inna. Shinkafa a gwangwani, mai a ludayi, gishiri, sabulu, ashana, batir, sukari da ganyen shayi, irin waɗannan. Dangi da ke unguwar duk nan suke saye, maƙwabta ma haka.

Washegarin sallar layya ne, ranar rabon nama, dangi sun cika gidan, Kawu ya ce yana da magana. Kowa ya san maganar, sai aka ci gaba da yankan nama. Amma wannan karon ba gwamnati yake nufi ba. Ya ce tun da ƙasa ta ƙi ji, za a fara daga gida. Daga wannan wata an sauke wa masu albashi karo-karon asusu. A maimakonsa Inna za ta ɗora ɗan ƙari a kan duk abin da aka saya a shago, ta riƙa jefa ƙarin a gwangwanin madara da za a ajiye daban. Kowa ya ci ya biya, babu mai albashi babu mai albasa.

Na goyi baya nan take, har na yi ɗan jawabi. Ƴar kawuna mai jinya ta ce ita ba ta ga aibu ba. Alhaji ne ya fi kowa saurin yarda. Ya ajiye wuƙarsa ya ce wallahi tun da yake bai taɓa jin magana mai adalci irin wannan daga bakin wansa ba. Na tuna direba ya dube ni a lokacin, ni kuma ina cikin murna ban tambaye shi abin da ya gani ba.

Inna tambaya ɗaya ta yi. Ta ce maƙwabta fa? Kawu ya ce ai tsarin ba ya ware kowa. Ta ce to akwai wani shagon a ƙarshen layi, kuma maƙwabta suna da ƙafa, kuma kakarmu ba kakarsu ba ce. Aka daɗe a kan wannan. Daga ƙarshe aka tsaya cewa maƙwabta za su saya a tsohon farashi, dangi su saya da ƙari. Ina jin shagonmu ne na farko a Tahoua da zumunci yake ƙara wa kaya tsada.

Watan farko ya yi mini daɗi. Na riƙe kuɗina na canza tayar tsohon babur ɗin da na samu na saya. Kayan abinci kuwa na saya yadda na saba, wato ƙarshen wata in je babbar kasuwa in ɗauko buhun shinkafa da jarkar mai a kan babur ɗin kabu-kabu. Mai albashi haka yake sayayya, shagon Inna kuma ba ya sayar da buhu. Direba da mai jinya su ma haka. Abin da nake saye a shago bai wuce ashana da reza ba, kuma na biya ƙarinsu da zuciya ɗaya. Alhaji motarsa in ta sauke albasa ba ta dawowa wayam, daga Kwanni, can bakin iyaka, take ɗauko masa komai har tsintsiya. Ya taɓa tsayawa a shagon sau ɗaya ya sayi alewa, ya tabbatar Kawu yana kallo sannan ya biya.

Akwai wani ɗan kawunmu makiyayi da ke wajen Takanamat. Shi gero nasa ne, nono nasa ne, abin da yake nema a birni sukari ne da ganyen atayi, kamar yadda suke kiran shayi a can. Ba ya zuwa da kuɗi, cuku yake kawowa Inna ta ba shi kaya. Ranar da ya zo, Inna ta leƙo ta tambayi Kawu ko musaya saye ce. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce a ƙa'ida saye ce. Ta ce to yaya za ta jefa cuku a gwangwanin madara? Aka yanke cewa za a gutsiri gefe guda a matsayin lanho. Kawu da abokansa suka sha shayi da shi a yammacin nan, tun da cuku ba ya ajiyuwa har damina, a cewarsu.

Wadda take zuwa shagon kullum, safe da yamma, yayata ce. Mijinta ya tafi bida Libiya, aikensa kamar ruwan Adar, in ya zo ya zo da yawa, in ya ɗauke sai a yi ta kallon sama. Yara ne da ita cike da ɗaki. Ba ta taɓa sayen buhu ba. Ludayin mai yau, gwangwanin shinkafa gobe, sabulu a yanka mata rabi. Kowane ɗaya kuma da ƙarinsa.

Ta yi haƙuri har aka shiga bazara. Wata rana ina zaune wurin Kawu sai ga ta da goyo, ta durƙusa ta gaishe shi har ƙasa, ta tambayi gajiya da ƙafa da iyali, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce tana da tambaya.

"Kawu, ni ban taɓa ɗaukar albashi ba, ko?"

Ya ce haka ne.

"Da can ba ni biyan komi. Yanzu kullum sahe ni ka biya. Wanga da ke zaune kusa gare ka, shi da ke da albashi, reza shika saye. To mi anka sauke, kuma wa anka sauke ma?"

Kawu ya yi mata bayani mai tsawo. Ya ce tsarin ba ya duba fuska, saye yake dubawa. Ya kawo akuya, ya kawo zabo. Ta saurara har ya gama, ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma, ta tashi. Daga washegari ba ta ƙara zuwa shagon ba. Sai dai maƙwabciyarta, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, ta fara sayen man da zai ishi gidan biki. Inna ta gane, ta auna mata a tsohon farashi.

Abin ya dami Kawu, don yana son yayata, shi ya aurar da ita. Ya kwana biyu yana juya maganar. Sannan ya kira Inna ya ce ko a manyan ƙasashe akan ɗauke lanho daga abin da talaka ba zai rayu sai da shi ba. Aka cire ƙari daga gero da shinkafa. Bayan mako aka ga babu mai cin shinkafa gaya, aka cire daga mai da gishiri. Ƴar Kawu mai jinya ta ce sabulu lafiya ce, aka cire. Ni ma na kawo maganar alli da biro na ƴan makaranta, aka cire. Direba ya nemi a cire daga batir saboda tocila tsaro ce, Kawu ya ce a'a, dole a tsaya wani wuri. Da aka tsaya, abin da ya rage da ƙari a shagon shi ne batir da alewa da goro da sukari da ganyen shayi.

A duk zuriyarmu babu mai shan shayi kamar Kawu. Butarsa ba ta sauka daga gawayi tun hantsi har magariba, kuma shi ne mai sayen kayan haɗi na duk ƴan gindin dogon yaro. Shayinsa kuwa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Sai ya zama daga ɗan kuɗin ritayarsa ake cika gwangwanin. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Yakan je shagon da kansa, ya biya, ya tsaya sai ya ji ƙarar kuɗin a cikin gwangwani sannan ya juya. In na zo yakan ce in ɗaga in ji nauyi. Nakan ɗaga in ce lalle da nauyi.

Ana cikin haka ya fara rama, yana yawan shan ruwa. Ƴarsa ta matsa masa suka je likita aka auna jininsa, aka ce ciwon sukari ne, ya bar sukari gaba ɗaya. Ya dawo ya zauna a kujerarsa ta ƙarfe ya yi tagumi. Na zaci tsoron ciwon ne, na fara ba shi baki, ina cewa mutane da yawa suna rayuwa da shi. Ya bari na gama, sannan ya ce ba wannan yake tunani ba, asusu yake tunani.

Ya koma shan shayi mai ɗaci, yana yamutsa fuska. Abokansa suka ragu, don ba kowa ke iya zumunci ba sukari ba. Amma sayen sukari bai daina ba. Inna ta gaya mini yana zuwa kamar da, ya saya ya biya ƙari ya shiga da shi ɗaki. Matarsa ta gano ƙullin a ƙarƙashin gado lokacin da tururuwa suka yi hanya daga bakin ƙofa. Ta kwashe ta raba wa maƙwabta da yayata. Shi kuma ya ci gaba da saye, ita ta ci gaba da rabo, babu wanda ya yi wa wani maganar.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Aka yi wani ruwa da ya cika ƙoramu, aka bugo waya daga ƙauye cewa bangon ɗakin kaka na gabas ya zauna, rufin ya biyo shi. Allah ya kiyaye tana rumfa lokacin, tana faɗa da akuya. Ɗakin dama ba a yaɓe shi ba a bazarar nan, saboda ana jira gwangwani ya cika.

Muka tafi da safe a motar Alhaji, shi yana tuƙi, ni da Kawu da Inna, gwangwanin yana kan cinyar Kawu. Hanyar Barmu bayan ruwa sai a hankali, muka sauka muka tura a wurare biyu. Muka tarar da kaka zaune a kan turmi, kayanta a shanye a kan dangar kara. Tana ganina ta ce ga angon da ya bar amaryarsa a waje. Na ce ai amaryar ce ta ƙi birni. Ta ce birnin da ya mayar da ɗanta kamar sanda? Kawu take nufi. Ta kama hannunsa tana juyawa, tana tambaya ko ba a ba shi abinci.

Aka kira magini ya duba ya faɗi abin da aikin zai ci. Kawu ya buɗe gwangwani ya juye a kan tabarma. Magini ya duba, ya ce wannan zai yi ƙofa, in ba a sa mata kwaɗo mai tsada ba.

Kaka ta tambayi me ya sa kuɗin duk ƙanana ne kamar na mai sayar da ƙosai. Sai Inna ta yi mata bayani a taƙaice. Ban tabbata ta fahimta duka ba. Ta ce a zamaninsu kai ake ƙirgawa, na mutum da na dabba, shi ya sa in masu karɓa sun taho ake tura samari daji da shanu. Sannan ta tambaya ko goron da Inna take aiko mata shi ma yana da wannan ƙarin. Inna ta ce a'a, nata kyauta ne. Kaka ta ce ita ba ta yarda ba, ita ma dangi ce, ba za a mayar da ita maƙwabciya ba. Ta kwance bakin zane ta ciro ƴan kuɗi ta jefa a kan tabarmar. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya yi mata shiru. Ya haɗa kuɗin da sauran.

Alhaji ya zagaya ɗakin da ya faɗi, hannu a baya, ya yi ajiyar zuciya ya ce bana albasa ta kashe shi. Bayan kwana kaɗan motarsa ta shiga ƙauyen da rana tsaka, ranar kasuwa, da kwanon rufi sabo yana ƙyalli. Har yau in an yi maganar ɗakin a ƙauye cewa ake ɗakin da Alhaji ya gina wa uwarsa. Bulo da siminti da kuɗin magina da abincinsu mu uku muka biya, ni da direba da mai jinya. An ce mu dawo da karo-karon wata-wata na ɗan lokaci, har a gama ginin. Babur ɗina ya sake jiran taya.

Ran nan a hanyar dawowa daga ƙauye, da muka hango fitilun gari da magariba, Kawu ya gyara murya. Ni ina zaton zai ce a bar abin. Sai ya ce ya gano inda matsalar take.

"Tsarin ba shi da laihi," ya ce. "Iyaka ce ba mu da. Ƙasa tana da duwan masu tsaron iyaka, ba ka shigo da buhu sai an gani. Mu ko gidanmu ƙofa huɗu, kowa ya hita ya sawo. Da ƙasa ce duka, ina za ka gudu?"

Alhaji, wanda yake tuƙi, ya ce Kwanni. Kawu ya yi kamar bai ji ba.

An gama ginin kafin kaka ta sha sabon gero. Ɗan lokacin da aka ce za mu biya bai ƙare ba, don babu wanda ya tuna ya sa masa rana. Ƙarin shago ma ba a cire ba, don babu wanda ya iya kallon idon Kawu ya ce a cire. Sai muka wayi gari muna da biyun. Direba ya ce yanzu ne muka zama ƙasa sosai.

Kaka ta yi shekaru a sabon ɗakinta, tana ƙorafin kwano yana da zafi da rana, yana da surutu da damina. Ta rasu a cikinsa wata ranar Juma'a, bayan ta sha hura ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Bayan an share makoki aka zauna a kan asusu, ko a rufe ko a bari. Ba a daɗe ba aka ga amsar tana zaune a kujerar ƙarfe. Ciwon Kawu ya ci gaba, ya taɓa masa ido, ya taɓa ƙafa, maganin wata kuma ya fi ƙarfin kuɗin ritaya. Aka ce asusu ya koma kansa.

Ya ƙi. Ya ce shi ba zai sha magani da kuɗin da aka yanka daga albashin yaro ba, bayan ya ƙare rayuwarsa yana cewa zalunci ne. Aka aika masa limamin unguwa, aka aika abokansa, ya ce a'a. Mahaifiyata ta yi masa kuka, ya ce ta share hawayenta, abin da zai karɓa ɗaya ne, abin da ya fito daga gwangwanin shago, don wannan kowa ya biya shi da son ransa.

Inna ce ta kira mu uku cikin shagon, ta ce kowa ya riƙa kawo mata nasa a ƙarshen wata, amma ya fara canza shi zuwa ƙananan kuɗi. Haka muke yi har yanzu. Nakan tsaya wurin masu kabu-kabu ko mai sayar da ruwa in yi canji, in kawo mata a leda, ita kuma ta riƙa jefawa kaɗan-kaɗan a tsawon wata, musamman in yana zaune kusa inda zai ji. Gwangwanin madara ya yi kaɗan, an koma na tumatir babba. Alhaji ma ya shiga, ba da yawa ba, kuma ya roƙi kada a faɗa, don kada masu binsa bashi su ji.

Ban sani ba ko Kawu ya gane. Mutumin da ya tsufa yana duba kuɗin ƴan kasuwa, da wuya ya yarda cewa batir da alewa ne suke sayen allurarsa. Matarsa tana ganin ya sani. Inna ta ce bai sani ba, kuma kada wanda ya kuskura ya gwada shi.

A makon jiya na je gaishe shi bayan an tashi daga makaranta. Idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni. Ya sa aka kawo mini shayi, aka kawo nawa sukarin daban a murfin kwalba. Ya tambayi yara, ya tambayi ko har yanzu ana cire mini a albashi. Na ce ana cirewa. Ya girgiza kai. Ya ce kuɗin shago sun ƙaru sosai a shekarun nan, abin dama lokaci yake so, mutane sai sun saba. Ya ce in na samu wani babba da ya zo duba makarantarmu, in kawo shi ya gani da idonsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na ce to, Kawu, in an zo zan faɗa. Aka kira la'asar, na riƙe masa hannu muka tsallaka kwata zuwa masallaci.